Lamba Huɗu a Gefen Taya

Adam ya ajiye makullin motar a kan bencin mai faci, a bakin kasuwar Azare.

"Ga shi, Alhaji. Ni dai ba zan ɗora matan mutane a kan waɗannan tayoyin ba."

Shekara bakwai ke nan yana jan motar da ƙungiyar ci gaban Udubo ta saya don kawo masu naƙuda asibiti. Ba shi da wata sana'a, kuma ya san Alhaji Saleh, shugaban ƙungiyar, ba ya son a musa masa.

Alhaji ya nuna tayoyi huɗun da ya sayo da kansa, baƙaƙe wuluk, sai sheƙi suke.

"Kai Adam, idonka lafiya? Dubi zanen nan, ko ƙasa bai taɓa ba!"

"Ai ko a ajiye take, taya tana tsufa, Alhaji. In ta wuce shekara shida, kwalta mai zafi kawai take jira."

'Yan acaɓa suka matso, don a Azare ba a rasa 'yan kallo. Adam ya jiƙa tsumma ya goge man da aka shafa wa gefen taya ɗaya, ya taka ta da ƙafa. Nan take robar ta nuna tsagogi ƙanana birjik. Sannan ya ɗora yatsa a kan wasu lambobi huɗu.

"Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Ga shi nan, sha shida, wato dubu biyu da sha shida. Alhaji, wace shekara aka haifi jikarka Zinatu?"

Alhaji ya shiga lissafi da yatsu.

"To wannan taya sa'arta ce," in ji Adam. "Ita kuwa tana aji huɗu."

Wurin ya kaure da dariya. Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon tsagogin, sannan ya ce wa mai facin a mayar wa mai shagon tayoyin kayansa, a kawo na bana, kuma Adam ne zai zaɓa.

Daɗi ya cika Adam har ya rasa inda zai sa kansa. Yana juyawa sai ya hangi Alhaji ya tattare babbar riga, ya tsuguna a gindin tasa motar yana goge taya da hannu.

"Malam Adam," ya kira shi a hankali, "zo ka karanta mini wannan."