Kalilu Ya Ƙi Juyowa

…ƙeyarsa kawai nake iya zanawa. Ƙeya, da sanda a kafaɗa, da jelar rawani. Tun hantsi nake abu ɗaya, takarda ta yi laushi don guga, kilinar goge fensir ta kusa ƙarewa, Kalilu ya ƙi juyowa.

Kai ka ja mini wannan, Yaya Muntaka. Kai.

Mutumin Sakkwato da ke buga mini littattafan zane ya kira da safe, murya har rawa take don murna. "Mi ya sa za ka komo ma Kalilu bayan shekarun ga duka? Hwaɗa mani in sa ga bango." Me ma na ce masa? Wai masu karatu ne suka matsa. Waɗanne masu karatu? Waɗanda suka karanta Kalilu yanzu 'ya'yansu ke goge waya da yatsa. Wai labarin bai ƙare ba. Ya ƙare mana, ni na ƙare shi da hannuna… ko kuwa kai ne?

Kalilu makiyayi, mai bin sawun shanun sata har ya ƙwato su. A takarda abin da sauƙi: sanda ɗaya, ɓarayi sun watse. Yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni.

Fuskarka ce na ba shi, kowa ya sani. Kana zaune gindin tsamiya kana biya wa mutane karatu, ni ina gefe kamar mai saurare, takarda a kan gwiwa. Hancin nan, girar da ke ɗagawa in an yi kuskuren aya, askar Gobir daga gefen baki zuwa kunne. Kai da ba ka taɓa tsayawa gaban mai hoto ba! Ko katin zaɓe ka ƙi yi, don kada a ɗauke ka. Sai ga ka a kasuwar Sabon Birni, mahauta na ɗaga maka wuƙa, ran Malam Kalilu ya daɗe — ai da dariya. Na yi dariya. Kai ba ka yi ba.

"Wakili, ka bar mani huskata ta huta."

Shi ke nan abin da ka ce. Da faɗa ka yi, da na sami abin riƙewa. Sai na zana shafin ƙarshe: Kalilu ya ba duniya baya, ya nufi gulbi. Aka zage ni har cikin motar zuwa garin Isa, wani ya ce in ba zan… a'a, cewa ya yi in ba ni iyawa in ba shi alƙalamin.

Babur. Ƙarar babur a lungu, na miƙe na leƙa. Mai sayar da ƙanƙara ne.

Babur ɗinka aka samu a hanyar Bafarawa, damina ta bara, kwance cikin gero. Ta'aziyya za ka. Mutanen daji ba su kira neman fansa ba, ba a ga gawa ba, ba a ga ko takalmi ba. To me za a ce? Allah ya jiƙan ka? Allah ya maido ka? In na ɗaga hannu sai bakina ya tsaya a tsakani, in shafa haka nan.

Sai Naja'atu, ɗiyarka. Ta haihu, ka sani? Ina za ka sani. Namiji, sunanka aka sa masa. Shekaranjiya ta shigo da goyo da tsohon littafin Kalilu, bangon ya cinye, ta buɗe ta ɗora mini a cinya.

"Baba Wakili, wanga yaro na. Ni ban san shi haka ba. Ka zana mani shi yadda nis san shi, in gwada ma ɗana in ya girma."

Na ce to. Da sauri ma na ce, kamar an ce in miƙo ruwa. Bayan la'asar ɗin nan za ta dawo.

To ga ni. Na juyo da shi, sai saurayi ya fito, gemu baƙi wuluk. Na goge. Na sa furfura, ya koma saurayin da aka watsa wa gari. Ina fatar ta fara saki? Idon ya faɗa ne, ko kumburi ya yi? Akwai haƙorin da ya fita — na sama? Wa ma ya ce mini ya fita?

Tsaya. Yaushe rabon da in kalle ka?

Kullum ina zuwa gaishe ka. Kullum. In durƙusa a bakin zaure, kaina ƙasa, yadda ƙane ke yi. Da can ina satar kallo ta ƙasan ido, don aikina ke nan. Amma tun ranar da ka ce in bar maka fuskarka, na ji tsoron idona, don abin da ya gani hannu sai ya ɗauka. Na bar maka ita gaba ɗaya. Biyayya na yi, ko fushi? Wallahi ban sani ba. Ka tsufa a gabana ina kallon tabarma.

Ƙafafunka kuwa… babban yatsan dama mai tsagaggen farce. Kaushin diddige. Takalmin fatar da aka ɗinke wa maɗauri da zare ja. Ga su, sun fito ban ko yi tunani ba, har jijiyar da ke tashi in ka daɗe zaune.

Askar fa? Ita ba ta tsufa, ko tana yi? Wanzami ɗaya ya yi mana, Bawa, wuƙa ɗaya, Inna ta ce har kukanmu iri ɗaya. Bari in taɓa tawa. Nan ta fara, ta bi nan, ta nutse cikin wannan ramin kumatun… fensir na bin yatsa. Fatar ta saki a nan. Furfura daga nan. Yauwa. Ya juyo! Tsoho ya juyo yana kallona, da aska, da gajiya, da —

Wannan wa ke nan?

Kai ne? Ai girar ba ta ɗaga ba. Ko ta daina ɗagawa tuntuni ban sani ba? Na san mutumin nan, ina ganinsa a madubin mai aski duk Juma'a. In na ba Naja'atu, za ta karɓa don kunya. Yaron ya tashi yana nuna ni yana cewa kakansa, ina zaune a gefe da raina. In kuma ka dawo, ka tarar na sake… da fuskar wa ma za ni ba ka haƙuri?

An kira la'asar? Ban ji ba. Ga sallamarta a ƙofa, ga ɗan kukan mai sunanka. Hannuna na kan kilina, na rasa ta inda za ni fara.

Ƙafafun dai naka ne, Yaya. Su kaɗai na tabbata.