Takardu Ashirin da Uku

Kamfanin na raba magunguna ne ga ƙananan asibitoci da shagunan magani, kuma duk abin da zai fita daga sito sai ya bi ta teburin Baba Mai Takarda. Teburin yana bakin ƙofar lodi, firinta a hannun dama, ƙusa mai tsini kafe a katako a hannun hagu. Oda ta shigo, firinta ta turo takarda, Baba ya ɗauka ya karanta da ƙarfi, masu haɗa kaya su cika kwali, direba ya sa hannu, Baba ya soke takardar a ƙusa. Shekara goma sha tara yana wannan aikin, ba a taɓa cewa ga abin da ya ɓatar ba.

Injiniya kuwa a sama take, a wani ɗan ɗaki mai sanyi kusa da sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da aikinsu ke bi ta cikinta. Watanta bakwai da kama aiki, har yanzu tana cikin shekarar gwaji. Ba ta da yawan magana, mutanen sito ma sun fi sanin takalminta a kan matakala fiye da muryarta.

Manhajojin da take kula da su kowacce a cikin kwantenarta take. Kwantena a wajen masu wannan sana'a ba ta ƙarfe ba ce, wani rufaffen ɗaki ne a cikin kwamfuta da ake saka manhaja ita kaɗai, ba ta ganin ta kusa da ita, ba ta taɓa kayanta. Idan ana so biyu su miƙa wa juna abu, sai a ware musu ma'ajiya guda a haɗa ta da kowacce, kamar 'yan haya da kowa ke da ɗakinsa amma kanta ɗaya suke ajiya a kai a baranda. A nan kamfanin, kwantenar karɓar oda ita ke rubuta fayil ta ajiye a ma'ajiyar tsakiya. Kwantenar bugawa tana leƙowa duk minti ɗaya, ta ɗauka, ta tura wa firintar Baba, sannan ta goge fayil ɗin don kada a buga shi sau biyu. Haka Injiniya ta tarar da tsarin, kuma yana tafiya lafiya lau.

Sai Manaja ya dawo daga wani taro da sabuwar magana a baki, ya ce yana so a riƙa adana kwafin kowace oda. Injiniya ta ce babu damuwa. Ta kwafi kwantenar bugawa tunda dama ita ta san hanyar ma'ajiyar, ta cire wurin da take magana da firinta, ta sa ta riƙa kwashe abin da ta gani duk minti goma zuwa wani faifai. Ta gwada da fayil ɗaya, ya tafi. Ta rubuta wa Manaja cewa an gama, ta tafi cin abincin rana.

Bayan kwana uku wani mai shagon magani ya kira yana faɗa, kayansa ba su zo ba. Aka duba allon kwamfuta, ya nuna an tura. Aka duba ƙusa, babu takarda. Baba ya zazzage kwandon shara, ya ja teburin ya leƙa bayansa, ya ce shi dai bai ga takardar nan ba. Aka ce to, a rubuta odar da hannu a kai masa kayansa. Mako mai zuwa aka rasa biyu, na bayansa huɗu.

Mutanen sito ba mugaye ba ne, amma ba sa ganin abin dariya su bar shi ya wuce. Dogo direba ya fara cewa, “Baba, yau ma takardar ta tafi unguwa ne?” Masu haɗa kaya suka koma tambayarsa ko ya tuna a ina ya ajiye takalminsa. Da farko Baba yana ramawa, yana ce wa Dogo wanda ya taɓa kai maganin tari asibitin ido ba shi da bakin magana. Daga baya ya daina ramawa. Ya sayo ƙaramin littafi yana rubuta lambar kowace takarda da ta fito, amma hakan bai hana waya ta yi ƙara ba, domin littafin abin da ya fito kaɗai yake ɗauka.

Injiniya tana jin labarin kamar yadda ake jin labarin ruwan sama a wani gari. Sau ɗaya Manaja ya leƙo ya tambaye ta, “Daga wajenki babu matsala ko?” Ta duba kwantenar karɓar oda, tana rubutawa. Ta duba ta bugawa, ba ta kawo ƙorafin komai ba. Ta ce daga wajenta babu matsala, kuma har ga zuciyarta haka ta yi zato.

Wata Litinin da safe, wata biyu da fara ɓatan takardu, ta buɗe faifan adanawa don ta ga ko ya kusa cika. Ta yi tsammanin ganin dubban fayiloli. Ashirin da uku ta gani.

Ta zauna tana kallonsu. Ta buɗe na farko, odar mai shagon nan ce da ya fara kira yana faɗa. Ba ta buɗe na biyu ba sai da ta koma ta karanta abin da ta kwafa, layi bayan layi, ga shi nan a ƙasa: bayan an ɗauka, a goge. Ta cire maganar firinta, ta manta da maganar gogewa. Duk odar da ta sauka a ma'ajiya daidai lokacin da sabuwar kwantenar ta zo kwasa, kafin ta bugawa ta leƙo, sai ta ɗauke ta, ta adana, ta share wurin. Allo ya ce an tura saboda an rubuta fayil ɗin. Firinta kuwa ko ƙamshinsa ba ta ji ba.

Nan take ta kama gyara. Gyaran bai kai minti goma ba. Ta cire layin, ta sa kwantenar bugawa ta riƙa matsar da abin da ta buga gefe guda maimakon gogewa, ta sake haɗa mai adanawa da ma'ajiyar ta yadda karantawa kaɗai za ta iya. Ta gwada sau biyar. Sai ta jingina da kujera ta yi wa kanta lissafin da kowa ya iya yi wa kansa: an gyara, ba za a ƙara rasa komai ba, Baba zai huta da tsokana, maganar ta mutu da kanta. Saura wata uku a duba takardarta ta gwaji. Ta ga babu amfanin tayar da ƙura.

Abin da ba ta sani ba, a daidai wannan safiyar, a ofishin da ke ƙarƙashin ƙafarta, Manaja ya zaunar da Baba ya ce ya je gida ya huta tukuna, mai kula da sito zai riƙe teburin. Ba ta ji ba sai da rana, a bakin Dogo, a kan matakala.

Mako guda ya wuce ba a rasa takarda ko ɗaya ba. Na biyu ma haka.

A taron ma'aikata Manaja ya tsaya yana juya makullin motarsa a yatsa. Mutum ne mai son abin da ya fito fili, ga shi kuwa ya fito. Ya ce, “Kun gani ko? Tun ranar da Baba ya tafi, ko ɗaya. Ba na jin daɗin faɗa, amma shekaru ba wasa ba ne. Ƙarshen wata za a rubuta masa takardar sallama, a yi masa ta mutunci.” Kowa ya gyaɗa kai. Dogo ma, da ya fi kowa tsokana, ya sunkuyar da kai ya ce Allah sarki Baba.

Injiniya ta koma sama ta rufe ƙofa. Gyaranta ne ya zama shaidar da aka kama Baba da ita, kuma ita kaɗai ta san haka. Har wani tunani ya zo mata, ta mayar da layin na kwana biyu, takarda ɗaya ta ɓace Baba ba ya nan, kowa ya gane ba shi ba ne ba tare da ta buɗe baki ba. Har ta buɗe fayil ɗin da layin yake ciki. Sai ta tuna takardar da za ta ɓace maganin wani ne da ke jira a wani wuri, ta rufe. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta buƙatar mai kallo.

Ta buga odar nan ashirin da uku, ta sauka da su ofishin Manaja.

Manaja ya saurare ta har ƙarshe, ya sa ta maimaita wurin da bai gane ba. Ransa ya ɓaci, kuma a fili yake ba ɓatan takardun ne ya fi ƙona masa rai ba, maganar da ya yi a gaban mutane ce.

“Tun yaushe kika sani?”

“Mako biyu ke nan, ranka ya daɗe.”

“Mako biyu kina zaune a sama kina kallona ina zuba.”

Ya buga takardun a kan tebur.

“Kin san wannan zai shiga fayil ɗinki na aiki.”

“Na sani.”

Ya yi tsaki, ya tura mata takardun. “Idan Baba yana so ya dawo Litinin, teburinsa na nan. Ke za ki je ki gaya masa. Ni ba ni da fuskar da zan kalle shi.”

Dogo ne ya kai ta a motar kaya bayan an tashi, ya tsaya a bakin layi ya ce shi zai jira a nan. Gidan ƙarami ne, babur a jingine a bango an lulluɓe shi da tsohon zani. Matar Baba ta shigar da ita, ta kawo ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta tafi ba. Babban ɗansu yana zaune a hannun kujera da waya a hannu.

Baba ya rame. Ya karɓe ta da fara'a, ya tambayi mutanen sito ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta shiga maganar da ta kawo ta, shi ya fara ba ta nasa labarin, kamar mai ba da haƙuri. Ɗansa ya kai shi asibiti an yi masa tambayoyi, an ce ya ƙirga daga ɗari zuwa baya. Likita ya ce bai ga komai ba tukuna, amma a sa ido. An karɓe makullin babur. Jikarsa da yake kaiwa makaranta kullum, yanzu uwarta ce ke kai ta.

“Gara haka, 'yata,” ya ce. “Wanda ya manta takarda, wata rana yarinya zai manta a hanya.”

Ta miƙa masa takardun da hannu biyu. Ta yi masa bayani a hankali, ba ta ce kwantena ba, ta ce injuna biyu ne ke ɗauka daga wuri ɗaya, ɗayan ita ta haɗa shi, kuma shi ke ɗauke takardar kafin ta iso firinta. Ta ce laifinta ne. Ta ce ta gano tun mako biyu da suka wuce ta yi shiru, wannan ma laifinta ne. Ta ce Manaja ya ce ya dawo Litinin.

Baba ya sa tabarau ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, yana lasar yatsa. Ya daɗe.

“A cikin nan ko ɗaya babu tawa?”

“Ko ɗaya, Baba.”

“Ɗaga murya ki sake faɗa, su ji.”

Ta juya wajen matar da ɗan, ta sake faɗa. Matar ta kama bakinta da gefen mayafi. Ɗan ya ajiye wayar, ya rasa inda zai sa idonsa.

Baba bai kalle su ba. Ya zaro takarda ɗaya daga tsakiya ya ɗaga ta wajen haske.

“Wannan fa, ta asibitin yara, ta ranar Alhamis. Wannan kam ni na ɓatar. Na gaya wa Manaja da bakina. Na riƙe ta a hannun nan, Dogo ya kira ni, na ɗora ta a kan kwalin ruwan allura na fita.”

“Ba ta taɓa fitowa daga firinta ba, Baba. Yau ce rana ta farko da aka buga ta.”

Ya juya takardar ya duba bayanta, ya sake juyo ta.

“Amma na tuna,” ya ce. “Har kwalin ina gani.”

Ɗan ya tashi ya shiga ciki, ya fito da makullin babur ya ajiye a kan tebur kusa da gwiwar mahaifinsa. Baba ya dubi makullin, ya ce a bar shi a wajensu tukuna.