Rigar da Ake Sawa a Juye

Kaka ta wurgar da takardar da likita ya rubuta game da jikanta a kan teburin guga kamar ta taɓa ƙazanta.

"Wai ƙwaƙwalwarsa ce ba ta iya tace abin da fatarsa ke ji! Kowane iskanci yanzu sai an raɗa masa suna. Sangarta ce kawai, kuma ke kika lalata shi."

Uwar yaron ba ta ɗago ba. Juya rigar makarantarsa take yi, ciki ya koma waje, don kada ɗinkin kafaɗa ya taɓa masa fata. In ya taɓa, ihu yake yi yana yakushin wuyansa har jini ya fito. Shekara biyu ke nan tana haɗiye baƙar maganar surukarta, yau kam an kai ta bango.

"Ubansa ma haka ya yi yana ƙarami," in ji Kaka. "Ban kai shi wurin kowa ba. Da na zane shi sau uku, ya sa rigarsa daidai kamar ɗan kowa. Ga shi nan ya warke."

Uwar ta ajiye dutsen guga, ta jawo kwandon kaya, ta zazzage singiletocin mijinta a gaban tsohuwar. Duk a juye suke, kuma an yanke ɗan ƙyallen kamfani daga wuyan kowacce.

"Haka yake sa su har yau, Inna, a ƙarƙashin rigar aiki, da shekararsa arba'in. Bai warke ba, ɓoye miki ya koya. Nawa ɗan kuwa ba zai koyi ɓoye mini ba."