Goro Ba Shayi Ba Ne

…ɓari ɗaya ne fa. Ɓari ɗaya na farin goro, da hannunta ta ɓare shi. To sai me? Babur na tsalle da ita a hanyar Rawayau, ruwan jiya ya yanyanka hanya, Hafiza ta riƙe ƙarfen baya da hannu ɗaya, ɗayan ta danne jakar da na'urar awon jini ke ciki, sai ka ce 'yar na'urar nan za ta iya wani abu. Tana tsakiyar raba magani a asibitin da take aikin jinya a Dutsin-Ma Inna ta kira. "Babanki ya zauna cikin gona, ya ce ƙirji." Shi ke nan. Inna ba ta ƙara ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Malam Atiku ya zauna cikin gona? Mutumin da ba ya ɗaga kai sai ya kai ƙarshen kunya?

Tamanin da uku suka ce awon zuciyarsa ya nuna.

Sati shida ke nan. Wani babban asibiti a Kano, ɗaki mai sanyin tsiya, an shimfiɗe Baba, an huda jijiyar wuyan hannunsa, an zura waya siririya kamar gashi har cikin jijiyar da ke shayar da zuciya. Akwai inda ta matse, kowa ya gani a allo — amma ido ba ya yanke hukunci, in ji likita, sai an auna. Ƙarfin jini kafin matsin, ƙarfin jini bayan matsin: in ɗari ya shiga, nawa ya fita? In tamanin ne ko ƙasa, a tokare wurin da 'yar raga ta ƙarfe. In ya haura, ƙwayoyi sun isa, a koma gida. Kuma kafin a karanta lambar sai an ɗura wani magani da zai buɗe jijiyoyi gaba ɗaya, jini ya yi gudu kamar mutum na tsakiyar noma, don asirin matsin ya tonu.

Likitan ba ya jin Hausa. Ita ce tafinta. Har da fararen kayanta ta je, wai don a san da wa ake magana — kai, Hafiza, son a sani! Ya tambaya: ya sha shayi ko kofi tun jiya? Ko waiwayar Baba ba ta yi ba. A'a, ta ce. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Ba ƙarya ba ce… goro shayi ne? Wa ke sa goro cikin ci ko sha? An ce kada ya ci komai, tun asuba cikinsa wayam, yana ta hamma a mota, leɓe ya bushe, mutumin da shekara arba'in bai taɓa kai hantsi babu goro a bakinsa ba. Tausayi ya kama ta. A bakin ƙofar asibiti ta tsaya gaban mai tire, ta zaɓi fari mai sheƙi. "Baba, ɗan taɓa wannan, ai ba abinci ba ne."

Tuni ta wuce garin Kurfi. Mai babur na lallaɓa wani kududdufi kamar yana ɗauke da ƙwai. Bawan Allah, ka taka mana! Ba ta faɗa ba. Gero ya kai ƙugu hagu da dama, kore shar, yana ba ta haushi.

Likita ya yi gargaɗi, ita ta fassara: in magani ya shiga ƙirji zai ɗaure, numfashi zai yi wuya, minti ɗaya ko biyu, kada ya tsorata. Magani ya shiga. Baba na kallon rufin ɗaki. "An fara?" Har dariya aka yi. Ita ta fi kowa washe baki, wai ƙashin manomi. Wayyo Allah. Ashe abin da ke cikin goron ne ya tare maganin… ko bai tare ba? Ko rabi ya tare? In jijiyoyi ba su buɗe ba jini ba zai yi gudu ba, in bai yi gudu ba lamba sai ta fito tsaf. Uku kacal. Uku ne tsakanin a sa masa raga da a miƙa masa fartanya.

Ranar Litinin ta gane. Likitan wurin aikinsu na yi wa wani tsoho mai hawan jini faɗa — ka rage goron nan, Alhaji, abin da ke cikin kofi shi ke cikinsa — ita tana rubuta kati, biro ya tsaya cak. Ai ta sani! An koya musu a makaranta, ta rubuta a jarrabawa, ta ci. Ta shige bayi ta duba a waya: yana iya sa lamba ta hau. Yana iya. Ba a ce dole ba. A kan wannan "yana iya" ta kwanta kwana uku. Yau Alhamis.

Me ya hana ta kira? Tsoro. Kuma ba tsoron mutuwarsa kaɗai ba, a faɗi gaskiya mana — tsoron bakin mutane. Inna ta soya waina aka raba a masallaci. Duk Rawayau an ji ɗiyar Malam Atiku ta kai shi Kano, na'ura ta shiga har cikin zuciya ta wanke shi tas. Mata na biyo ta da katunan asibiti ta duba masu. Likitar gidan Malam! Tana jin daɗi, wallahi tana jin daɗi. Tir.

Ga gonar. Ga shi can gindin ɗorawa, ya jingina, Inna na yi masa fifita da gefen mayafi. Zufa sharkaf, fuska ta koma kalar toka. Da rai. Alhamdu lillahi, da rai… Ta durƙusa, ta naɗa masa na'ura a dantse, ta ce Inna ta ɗebo ruwa wajen masu noma can ƙasa. Sai da Inna ta yi nisa ta buɗe baki. Duk ta zazzage — goron, maganin, lambar, kwana ukun. A nemo mota yanzu, a tafi yau, a sake aunawa.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Yana jan numfashi guntu-guntu, yana kallonta.

"In mun koma, za su tambayi wanda ya ba ni?"

Ki ce a'a, Hafiza. Kin iya faɗin a'a da sauri, ai an gani. Amma bakin ya tsaya, daidai numfashi ɗaya, shi kuma ya gani.

"To ba inda za ni. Aikinki za su taɓa." Ya rufe ido. "Kada Innarki ta ji wannan magana. Umurni ne, ba shawara ba."

Ba don na'ura ta wanke shi ba. Ba don taurin kan tsufa ba. Don ita. Ta kawo masa gaskiya don ya tashi, shi kuma ya danne gaskiyar ya zauna a kai… Tana matsa robar na'ura, allura na hawa, tana sauka, ba ta jin komai sai bugun nata kunnen. Kalma ɗaya ga Inna, yau sai ya kwana Kano ko da ɗaure shi za a yi. Kalma ɗaya, kuma shi ya hana.

Ga Inna nan tafe da kwanon ruwa, yana zuba saboda sauri.

"Hafiza, me abin ya nuna?"