Yatsu Biyu a Kan Kuloci

Karo na uku ke nan cikin wata biyar da Baba ya turo min babur ɗinsa gareji da ciwo iri ɗaya: a murɗa totur, inji ya yi ta ihu, babur kuwa yana jan ƙafa kamar wanda aka aika dole. A hawan gada ma, in ji shi, mai keke ne ya wuce shi.

Bai tsaya mun gaisa ba. A gaban masu jiran gyara ya wanke ni tas, wai na koma saka wa mutane kayan jabu, har uban da ya haife ni ban ƙyale ba. Shi ya koya min riƙon sifana a wannan rumfar, babur ɗin kuma ya girmi aurena. Don haka na haɗiye, na jawo masa kujera. Amma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Na bi abin daki-daki yadda ya koya min. Na sa giyar ƙarshe, na matse birkin gaba, na saki kuloci a hankali. Lafiyayyen babur nan take zai mutu, wannan kuwa ko a jikinsa, ya ci gaba da gurnani. Kulocin zamewa yake yi, babu tantama. Na taɓa wayar kulocin ko an ɗaure ta da yawa, na tarar da ɗan sakin da ake so, yadda na bar ta. Na duba baƙin mai ko wani ya zuba masa na mota, wanda ke sa faya-fayan kuloci santsi. Nawa ne, na babur. Da na kwance murfin kulocin, ƙauri ya buge ni. Sifirin na nan da ƙarfinsu, amma faya-fayan da na saka wata biyu da suka wuce sun cinye sun yi sulɓi, na ƙarfen har sun yi shuɗi don zafi.

Kaya ba sa ƙonewa haka kawai. Baba da bakinsa ya sha gaya min in na rasa laifin inji in duba mai hawa. Sai na dubi hannun kulocin. Baƙin fentinsa ya goge a wuri ɗaya, ƙarfen yana ƙyalli, daidai faɗin yatsu biyu. Baba ne fa mutumin da a da, in ya ga yatsana ya kwanta a wurin ina tafiya, sai ya make min hannu.

Na saka sababbin faya-fayai. Da ya tafi, na hau nawa na bi shi a baya. Ga shi nan, yatsu biyu sun ja kuloci rabi, ya miƙa wuya gaba, kullum cikin shirin tsayawa. Ramin da ke gaban kantin magani, wanda kowa ke kauce wa tun daga nesa, sai da ya zo dab da shi ya ankara. Wata mata ta tsallaka titi da kwando a ka, ya yi hon bayan ta riga ta wuce. Ashe duk watannin nan ina ta canza kuloci, idon Baba ne ke tafiya.

A ƙofar gida na same shi yana laluben ramin makulli a jikin kwaɗon ƙofa. Ba kowa a wurin, na gaya masa abin da na gani cikin lalama. Na ce mu je asibitin ido, na ce ni zan riƙa kai shi duk inda yake so, safe da yamma.

Ya ce, "Wato a bayanka zan riƙa zama kamar buhu."

"Baba, matar nan ta ɗazu, da ta yi jinkirin taku ɗaya fa?"

"Wace mata?"

Da gaske ya tambaya. Shi ma ya ji abin da ya fito daga bakinsa, na ga fuskarsa ta canza. Na ɗauka shi ke nan, zai miƙo min makullin babur. Sai ya jefa shi aljihu, ya ce in gyaran ya fi ƙarfina in fito fili in faɗa, ba sai na laƙa wa tsoho makanta don in rufe kunyata ba.

Zuciya ta ɗebe ni. Na rantse ba zan sake taɓa kulocin nan ba muddin shi zai hau. A wautata, da ya sake ƙonewa dole ya ajiye babur. Na manta ba ni kaɗai ne bakanike a titin ba.

Wata biyu bai cika ba na hango shi a tsallake, a rumfar Gajere, wanda ke canza duk abin da aka nuna masa ba ya tambayar kowa komai. Ina kallo ya kwance, ya saka, ya ɗaure. Baba na ba shi labari suna dariya, na kuma san labarin wa ake bayarwa. Ban taɓa jin ɗacin sana'ar nan irin na ranar ba.

Da aka gama, ya tayar, ya biyo ta gaban rumfata a hankali. Na miƙe na fito har bakin titi, na ɗaga masa hannu. Tsakaninmu bai fi taku biyar ba. Ya juyo fuska saitina, ya wuce, yatsu biyu a kan kuloci.

Na koma na zauna kusa da injin da nake kwancewa, ina roƙon Allah ya sa fushi ne, ba rashin gani ba.