Ƙafafun Farin Zalɓe

Tahani tana aiki a wani kantin magani a unguwar Aziziyya ta Makka, amma ranar Asabar tata ce. Da ta idar da sallar asuba sai ta rataya kyamara, ta ja motarta ta yi kudu da Makka, inda wani ruwa ke malala a cikin kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu. Ruwan da gari ya gama amfani da shi ne aka tace aka sako, amma ya shekara da shekaru yana gudu, har ciyayi suka yi duhu a gefensa, tsuntsaye suka mai da wurin zango.

Wata la'asar, a gidansu na unguwar Ka'akiyya, tana tantance hotunanta sai Gwaggo Zubaidatu, yayar mahaifinta, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Tsohuwar tana da shekara tara iyayenta suka taho da ita daga Nguru, kuma tun daga nan ba ta sake komawa ba.

"Shufi, Gwaggo, duba, balbela ce," in ji Tahani, da Hausarta mai gauraye da Larabci. "Wannan ma balbela."

Gwaggo ta kai fuskarta daf da hoton. "Ta farkon dai balbela ce. Wannan kuwa farin zalɓe ne, 'yar nan."

"Ai duk farare ne."

"Ni da ubanki ma duk baƙaƙe ne, kin taɓa kirana Mukhtaru?" Ta ƙura wa ruwan da ke cikin hoton ido. "A Makkan nan kika ga wannan? To, ki kai ni."

Asabar na zagayowa suka tafi. Gari bai gama wayewa ba, wani siririn tururi na kwance a kan ruwan. Gwaggo ta fito daga mota tana dogara sanda, ta shaƙi ƙamshin laka, ta tsaya cak. Can ta miƙa hannu ta shafa dogayen ganyen da ke bakin ruwa.

"Kacala," ta ce a hankali. "Ashe har nan kika biyo ni."

Tahani ta shimfiɗa mata darduma a kan wani faffaɗan dutse. Tsuntsayen suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, farare fat, ba ko motsin fiffike.

"Ajiye abin nan tukuna, ki duba da idonki," in ji Gwaggo. "Kin ga waccan gajeriya mai kaurin wuya, mai baki ruwan ɗorawa? Balbela ke nan. Ba ruwa ne ya dame ta ba, raƙuman can take jira su tayar mata da fara. Shi kuwa wancan siririn, bakinsa baƙi kamar tsinken kwalli. Jira ya ɗaga ƙafa."

Suka jira. Tsuntsun ya tsaya cikin ruwa har gwiwa, yana karkaɗa ƙafa a laka don ya firgita ƙananan kifaye. Da ya cire ta, sai Tahani ta ga ƙwaurin baƙi wuluk, yatsun kuma rawaya, kamar ya taka kwaɓaɓɓen kurkur. Wata takwas tana zuwa wurin nan, ba ta taɓa lura ba. Ta ɗaga kyamara, ta riƙe numfashi, ta danna.

Muryar Gwaggo ta yi ƙasa, har Tahani ta rasa ko da ita take magana. Tana ba da labarin kwalekwalen kakansu, da yadda ruwa ke cika fadamar Nguru har sai an rasa inda sama ta ƙare, da wata ƙawarta Maha da suke tsinkar bado tare. Tahani na saurare, idonta a kan ruwa, sai ta ga kamar duwatsun sun ja da baya, kwarin ya buɗe ya yi faɗi, kamar in ta ƙura ido za ta hango kwalekwalen yana fitowa daga cikin tururi.

Wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa, wanda ke tsugune a gindin kacala ba su gan shi ba, ya tashi fir. Yana buɗe fiffike ya koma fari sol, ya tsallake ruwan, ya sauka, ya sake zama kalar busasshiyar ciyawa.

"Ya Allah! Wannan fa, Gwaggo?"

Tsohuwar ta daɗe tana motsa leɓe. "Na san shi. Wallahi na san shi, har kukansa. Sunan ne ya gudu." Idonta ya kawo ruwa, amma dariya take yi. "Shekara sittin da biyar ai ba wasa ba."

Rana ta fara cizo, Tahani ta kama ta ta miƙe. A hanyar komawa Gwaggo ta jingina kanta da gilashi, ta lumshe ido, Tahani ta ɗauka barci take. Sai da suka shigo Ka'akiyya ta yi magana.

"Tsaya ki saya mana wake da gurasa, yunwa nake ji. Kuma mako mai zuwa a sa mini matashi a mota, dutsen nan ya cinye mini ƙugu."

"Ɗayyib, Gwaggo," in ji Tahani, ta nemi wurin tsayawa a gaban mai tanda.