Reshe Uku a Cikin Dankali

A bakin coci labarin ya iske Argiro, ranar Lahadi. Ambaliyar hunturu ta cinye ƙasar da ke ƙarƙashin zaitun ɗin babansu, rabin saiwarsa na reto a iska, ruwa ɗaya ya rage ya tafi da shi. Ba ta tsaya shan kofi da mata ba, ta wuce gidan yayanta Rusos. Ya saurare ta har ta gama, ya ce itace ne, itatuwa kuwa faɗuwa suke yi. Sannan ya tashi ya ɗauko dutsen wasa wuƙa.

Itacen yana tsakiyar kwazazzabo, a ƙauyen da aka haife su. Shekara sittin ke nan da hukuma ta kwashe mutanen ta bar wa awakin dutse wurin, awakin kuma har yau ba su aiko da godiya ba. Tun daga lokacin doka ta hana tsinkar ko ganye ɗaya a ciki. Zaitun ɗin kuwa ba irin na kasuwa ba ne, 'ya'yansa ƙanana, mansa yana karce maƙogwaro, kuma a duk yammacin tsibirin Kirit ba su taɓa cin karo da irinsa ba. Reshe uku kawai suke bukata, Rusos ya yi wa zaitun ɗin daji da ke bayan gidansa aure da su. Watan Mayu ne, lokacin aure, ɓawo yana sakin itace. In ya wuce sai baɗi, baɗi kuwa babu itacen.

Matsalar ita ce mai gadin ƙauyen, Stratis. Argiro ce ta riƙe shi a hannu ranar da aka yi masa baftisma, ita ce nonarsa, wato uwar baftismarsa, kuma a wajensu mutum ba ya cewa nonarsa a'a. In ta roƙa zai ba ta, in labari ya fita a kore shi daga aiki. Don haka ta yanke cewa ba za a roƙa ba, sata za a yi, kamar mutanen kirki.

Da hantsi suka fara gangara. Hanyar ta nannaɗe jikin dutse kamar igiya, ƙamshin ƙaro na tashi daga dogayen itatuwa, can ƙasa rafi na ƙara. Baƙi 'yan yawon buɗe ido suka riƙa wuce su, kowa da sanda biyu kamar wanda aka sallamo daga asibiti. Rusos mai shekara saba'in da huɗu da sanda ɗaya yake, ita ma yawanci nuni yake yi da ita: a kogon can kakanninsu suka ɓoye mata da yara lokacin Turkawa, a wancan aka ɓoye sojojin da suka tsere wa Jamusawa. Argiro ta ce ta sani, ai uwa ɗaya ta haife su.

"Na riga ki da shekara shida."

"Shekara shida ka yi kana kiwon majina, Yaya. Duba gabanka."

Amma daɗi take ji. Gwiwarta ta yi shiru, ruwan marmaro ya yi sanyi har haƙori, wasu ungulaye biyu suna ta kewaya a sama. Rusos ya ɗaga musu sanda ya ce su yi haƙuri, ba yau ba.

Da rana tsaka suka isa ƙauyen. Gidajen sun zama bango babu rufi, ɓaure ya tsiro a inda mahaifiyarsu take gasa burodi. Zaitun ɗin na nan a bakin rafi, ya karkace kamar mai sauraron gulma. Argiro ta tsaya gadi, Rusos ya zaro wuƙa ya yanke reshe uku, kowanne tsawon tafin hannu, ya soke gindin kowanne a cikin ɗanyen dankalin turawa don kada ya bushe, yadda babansu yake yi. Ya tura su cikin jaka, ya ajiye ta bayan katanga.

A daidai nan Stratis ya hango su. Ƙato ne mai gashin baki, ya taho ya sumbaci hannun Argiro, yana ƙorafin Nona ta zo ba ta aiko ba. Ya zaunar da su gindin bango, ya kawo cuku da busasshen burodin sha'ir da raki, giyar ƙasar, a ƙananan kofuna. Ƙin sha zagi ne, suka sha. Ya tambayi lafiyar dangi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka mutu.

Argiro ce ta fara ganin akuyar. Ta dutse ce, ja-ja, da baƙin layi a gadon baya, ta saba da mutane tun da baƙi suka koya mata cin biskit. Kanta na cikin jakar Rusos. Ta fito da reshe a baki, dankali na lilo a ƙasansa, ta tauna a natse tana kallonsu. Babu wanda ya isa ya tashi, don tashi tona asiri ne. Suna zaune ta cinye na biyu, ta cinye na uku. Stratis ya waiga ya yi dariya, ya ce Kawu ya yi haƙuri, ta cinye masa guzuri, amma wa ke zuwa kwazazzabo da ɗanyen dankali? Rusos ya ce likita ne ya ce yana maganin sanyin ƙashi.

Stratis ya rantse sai ya raka su, ya kuwa raka su har ƙauyen ya ɓace a bayansu. Babu komawa.

Suka shiga matsatsi, inda duwatsu biyu suka matso har mutum ya kusa taɓa su da hannuwa, sama ta zama zare. Rusos bai ƙara nuna komai da sanda ba. Sau ɗaya kawai ya ce an ba awakin ƙasar, an ba su gidan, yanzu har da itacen. Argiro tana tsallake duwatsun rafi tana tunanin sau nawa ta bi hanyar nan tana yarinya, a bayan babanta, za su teku sayen gishiri. Ba su taɓa isa da wuri ba. Kullum sai ya tsaya, ta zauna tana jifan ruwa da tsakuwa, shi kuma yana tsaye a kan sirdin alfadari da wuƙa a baki.

Ta ja ta tsaya.

"Yaya, me Baba yake yi a kan alfadari?"

Rusos ya ce me kuwa, aure yake yi wa zaitun ɗin daji, kamar kowane dattijo na lokacin. In ka wuce na daji ka gyara shi, wanda ya zo bayanka ya ci. Sai dai shi Baba can sama yake yi, inda akuya ko ta miƙe ba ta kaiwa, har ana yi masa dariya.

"Da reshen wane itace?"

Rusos ya dube ta. Ya cire hula, ya mayar.

Suka wuce ƙofar fita, inda dokar ta ƙare, suna tafiya da kai a sama kamar masu neman wata. Itacen farko kumburin aurensa a gwiwa yake, na biyu a ƙugu. Sun duba fiye da goma. Sai a bayan wata rumfa da ake matse lemo, kusa da kangon ganuwar Turkawa, suka ga wani ƙaton zaitun da kumburinsa ya fi kan mutum nisa. Rusos ya jawo reshe da sanda ya duba ganyen, siriri, bakinsa a murɗe. Ya tsinki ɗaya ya tauna. Irin na babansu ne, sai ya zauna a ƙasa.

Mai rumfar, wata mata mai suna Pelagiya, ta fito da gudu tana zaton zafi ne ya kayar da tsoho. Da ta ji bayani ta dafe ƙirji. Ta ce uban mijinta ya tarar da itacen a haka, babu wanda ya san wanda ya yi masa aure, kuma da mansa ta yaye 'ya'yanta huɗu. Akwai wasu biyu irinsa a hanyar teku. Ta shiga ta fito da kwalbar mai da burodi. Argiro ta dangwala ta kai baki, man ya karce ta a maƙogwaro, ta yi tari har da hawaye, tana dariya.

"Ku yanka," in ji Pelagiya. "Ku yanki goma. Ai naku ne."

"Uku," in ji Rusos. "'Yata, kina da dankali?"

Ta kawo kwando guda. Ya hau kujerarta, Argiro na riƙe da ƙafarsa tana cewa in ya faɗo ba ita za ta ɗauke shi ba. Ya yanke ukun, ya soke, ya miƙo mata. Ta naɗe su a ɗankwalinta ta rungume, ta ƙi sa su a jaka.

Daga teku jirgin ruwan komawa gida ya busa ƙaho na farko. Pelagiya ta ce in sun yi sauri za su same shi. Rusos ya sauko, ya goge wuƙar a wando, ya ce ai akwai jirgin gobe, shi sai ya ga sauran biyun tukuna.